Awa Shida: Gudan Jini, Balan-balan da Hanyar Kurfi

Daga Dutsin-Ma zuwa birnin Katsina ta Kurfi, tafiyar kimanin kilomita 60 ce. In mota lafiyayya ce, hanya kuma lafiya lau, awa ɗaya ta wadatar. Ƙafar ɗan Adam kuwa, idan gudan jini ya toshe babbar jijiyar da ke shayar da ita, takan jure rashin jini na kimanin awa shida kafin naman cikinta ya fara mutuwar da ba ta da gyara. A lissafin ɗan firamare, wanda wannan larura ta afka wa a Dutsin-Ma yana da rarar awa biyar. Amma a zahiri, mafi yawan masu irin wannan ciwo a ƙasashenmu sukan isa hannun likitan tiyata ne bayan kwanaki, lokacin da magana ta tashi daga ceton ƙafa ta koma ceton rai.

A wannan makon ina so mu duba wani ɗan kayan aikin likitoci wanda bai fi tsinken tsintsiya kauri ba: siririn bututun roba mai ɗauke da ƙaramin balan-balan a bakinsa. Da shi ake janyo gudan jini daga cikin jijiya, kuma da jikokinsa ake kai magani daidai wurin da cuta take. Tarihinsa abin sha'awa ne, amma abin da ya sa na ɗauko shi ya wuce sha'awa. Ina so in fahimci inda waɗancan awoyi biyar suke zurarewa.

Yadda gaɓa ke mutuwa da ƙishirwa

Mai noman rani a bakin madatsar Zobe ya san abin da ke faruwa idan tsumma ko leda ta shige cikin tiyon ban ruwa. Takan bi ruwa har ta isa inda tiyon ya tsuke, ta tsaya cak. Inji na ta ruri, ruwa na nan a madatsa, amma duk fangalin da ke gaban wurin sai ya fara yaushi. Haka jijiyoyin da ke fitar da jini daga zuciya suke: suna farawa da faɗi, suna rarrabuwa, suna ƙara sirancewa. Gudan jinin da ya ɓalle daga cikin zuciya yakan bi wannan hanya har ya maƙale a wata mararraba, sau da yawa a gindin cinya ko bayan gwiwa, wani lokaci a hannu, a hanji, ko a ƙwaƙwalwa. Bajamushen likitan nan Rudolf Virchow ne ya fayyace wannan tafiya ta gudan jini tun a tsakiyar ƙarni na 19.

Sassan ƙafa ba tare suke mutuwa ba. Jijiyoyin da ke ɗauke da ji su ne raggwaye, su ke fara sarewa. Shi ya sa bayan azababben ciwon farko sai ƙafa ta fara yin dindiris, kamar an daɗe zaune a kanta. Daga nan sai tsoka, wadda in ta gaza, yatsu su daina motsi. Fata ce ta ƙarshe, kuma nan ne yaudarar take: ƙafa na iya zama kamar lafiyayya a ido alhali cikinta ya yi nisa. Littattafan likitanci sun lissafa alamomi shida: ciwo na farat ɗaya, kodewar launi, ɓacewar bugun jini, dindiris, kasa motsi, da sanyi ƙalau. A baƙar fata kodewar launi ba ta cika fitowa fili ba, sai an duba tafin ƙafa da ƙarƙashin farce, an kwatanta da ɗaya ƙafar.

Daga ina gudan yake fitowa? A yankinmu akwai maɓuɓɓuga uku da suka fi yawa. Ta farko ita ce zuciyar dattijon da hawan jini ya gajiyar, wadda bugunta ya rikice, ɗakinta na sama yana karkarwa maimakon matsawa, jini ya kwanta a lungu ya daskare. Ta biyu ita ce zuciyar saurayi ko budurwar da ciwon maƙogwaro na yarinta, wanda allurar fenisilin za ta iya kashewa, ya lalata wa ƙofofin zuciya shekaru bayan an manta da shi. Ta uku kuwa tamu ce fiye da ta kowa a duniya, wato raunin zuciya na masu jego.

Tun a shekarun 1970, likitoci biyu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Eldryd Parry, suka ba da rahoton cewa kusan mace ɗaya cikin ɗari a cikin Hausawan yankin takan gamu da gazawar zuciya bayan haihuwa. A lokacin an fi ɗora zargi a kan wankan jego, kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta ya tabbatar da cewa Arewa maso Yamma ce ke kan gaba a yawan cutar, sai dai ya fi danganta ta da talauci, rama, hawan jini lokacin goyon ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Ko mene ne sanadin, sakamakon ɗaya ne: zuciya ta buɗe ta saki, ba ta iya matse jinin da ke cikinta yadda ya kamata, kuma jinin mai jego dama yana saurin daskarewa. Zuciya irin wannan masana'antar gudan jini ce.

A ƙara da ta huɗu, wadda zamani ya kawo mana: raunin harsashi da haɗarin babur. Jijiyar da ta tsage ko ta murɗe takan cika da gudan jini ta sama da ta ƙasa, kuma dole a share shi kafin a ɗinke ta.

Yatsan safar hannu da zaren masunci

Kafin shekarun 1960, cire gudan jini daga ƙafa babbar tiyata ce. Ana sa wa majiyyaci maganin barci, a yi ta tsaga jijiya wuri-wuri ana laluben gudan da hantsaki, aiki na awoyi a jikin mutumin da dama zuciyarsa ba ta da ƙarfi. Da yawa sun rasa ƙafa, da yawa kuma sun rasa rai.

A asibitin Good Samaritan da ke birnin Sinsinati na Amurka akwai wani matashi mai suna Thomas Fogarty, wanda mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, ya fara aiki a asibitin don taimaka wa gida, har ya zama mai miƙa wa likitan tiyata kayan aiki. Ya sha tsayawa kusa da maigidansa, Dakta Jack Cranley, yana kallon yadda wannan aiki ke ƙarewa. Da ya shiga makarantar likitanci, sai ya yanke kan ƙaramin yatsan safar hannu ta roba, ya ɗaura shi a bakin siririn bututu. Babu gam ɗin da ke iya haɗa robobin biyu a wancan zamani, don haka ya ɗaure su da zare, irin ɗaurin da ya koya wajen haɗa ƙugiyar kamun kifi. A 1961 Cranley ya gwada shi a jikin majiyyaci, aka dace. An buga rahoton a 1963 bayan wasu manyan mujallu sun ƙi karɓarsa, kamfanoni da dama kuma suka ƙi ƙera shi kafin kamfanin Edwards ya yarda. A 1969 aka ba Fogarty takardar mallakar fasahar.

Ga yadda aikin yake. Ana yi wa gindin cinya allurar kashe zafi, ba lallai sai an sa mutum barci ba. Likita ya tsaga fata kaɗan, ya fito da jijiyar, ya yi mata 'yar ƙofa. Sai ya zura bututun, balan-balan ɗin a saɓe, ya ratsa ta cikin gudan jinin har ya wuce shi. Daga nan ya hura balan-balan ɗin da ruwan gishiri ta sirinji, a hankali, har ya ji ya taɓa bangon jijiya. Sai ya janyo. Balan-balan ɗin ya turo gudan a gabansa har ya fito ta ƙofar, wani lokaci dogo baƙi kamar tana. A maimaita har jini ya tsarto daga sama, ya kuma dawo daga ƙasa, sannan a ɗinke. Bututun da ake amfani da shi a ƙafa bai cika wuce milimita ɗaya da ɗan ɗoriya a kauri ba, tsawonsa kuma kan kai santimita 80.

Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya ga ɗan'uwan wannan na'ura. Robar fitsari ma tana da balan-balan a bakinta, wanda ake hurawa da ruwa don kada ta zame daga mafitsara. Dabarar ɗaya ce, aikin ne ya bambanta. Abin lura a nan shi ne, bututun Fogarty ba ya buƙatar ɗakin na'urori na biliyoyin naira. Yana buƙatar ɗakin tiyata na yau da kullum, likitan da aka koya wa aikin, maganin tsinka jini na hefarin, da majiyyacin da ya iso da wuri.

Kwana uku

'Yar gwaggona tana aure a wani ƙauye da ke ƙasar Kurfi. Bayan haihuwarta ta uku, tun kafin a yi arba'in, ƙafafunta suka kumbura, tana haki in ta ɗauko ruwa, da dare kuma ba ta iya kwanciya sai ta jingina da bango. Kowa ya ce jego ne, zai wuce. Wata ranar, bayan sallar isha'i, ta ƙwalla ƙara ta riƙe ƙafar hagu. Ta ce kamar an buga mata gatari a ƙwauri.

Mutanen gidan sun yi duk abin da ƙauna ta nuna musu. Da suka ji ƙafar ta yi sanyi, suka dafa ruwa suka gasa ta, suka mulke ta da man zafi, suka ɗora ta kan matashi. Wata tsohuwa ta ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka yi tofi. Akwai mai mota a garin, amma a shekarun nan babu wanda ke hawa wannan hanya bayan magariba sai wanda ya shirya gamuwa da 'yan bindiga, kuma babu mai zargin wanda ya ƙi. Kafin asuba ciwon ya lafa, aka yi hamdala. Babu wanda ya san cewa lafawar nan ita ce mummunan labari, domin jijiyoyin da ke kai rahoton ciwon ne suka mutu.

Da safe aka kira mai kemis ya yi mata allura. Da la'asar, ganin yatsun ba sa motsi, aka kai ta wani asibiti, inda aka ɗaura mata ruwa aka rubuta takardar tura ta gaba. Kuɗin mota da na jinya sai da aka sayar da tunkiya. Ni an kira ni ne a daren na biyu. A rana ta uku muka tsaya gaban likitan tiyata a birni, ƙafar ta yi dabbare-dabbare har gwiwa, ƙwaurin ya sandare kamar icce.

Gwaggo ta dube shi ta ce, "Likita, don girman Allah, ba za a iya wanke jijiyar ba? An ce kuna da abin da kuke zurawa."

Ya ce, "Hajiya, muna da shi. Da a daren farko ne, da shi zan yi aiki. Yanzu in na buɗe hanyar, dafin da ya taru a mataccen naman zai kwarara zuwa zuciya da ƙoda, mu rasa ta gaba ɗaya. Ki yi haƙuri. Jaririn nan ya fi buƙatar uwa a kan ƙafar uwa."

Daga baya na nemi bayanin wannan magana, na tarar haka abin yake. Tsokar da ta mutu takan saki sinadarin fotasiyam, wanda ke iya tsayar da zuciya, da wani furotin da ke toshe ƙoda. Shi ya sa buɗe jijiya bayan lokaci ya ƙure yake zama haɗari, yanke ƙafa kuma ya zama jinƙai. An yanke ta saman gwiwa. Hoton zuciya ya nuna abin da aka yi zato: zuciya ta buɗe, da sauran gudan jini a kwance a cikinta. Tana nan da rai, tana shan magani, ɗanta ya shiga makaranta. Ranar da na je duba ta bayan an sallame ta, abin da ta ce da ni shi ne, "Yaya, ashe tun kumburin nan ne ciwon ya fara." Gaskiya ta faɗa. Agogon awa shida ya fara bugawa ne bayan isha'in nan, amma an yi makonni ana ɗaura masa zare.

Taki a gindin shuka

Yayin da Fogarty ke janyo gudan jini, wasu suna tunanin yadda za a gyara jijiya daga ciki ba tare da wuƙa ba. Tun a 1929 wani matashin likita a Jamus, Werner Forssmann, ya zura bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya je ya ɗauki hoto don shaida; a 1956 ya samu kyautar Nobel tare da wasu biyu. A 1953 Sven Seldinger na Suwidin ya fito da dabarar shiga jijiya da allura da siririyar waya, babu tsagawa. A watan Janairun 1964, a Fotland ta Amurka, Charles Dotter ya buɗe tsukakkiyar jijiyar ƙafar wata tsohuwa mai shekara 82 da ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa, ta kuma koma gida da ƙafarta. A ranar 16 ga Satumba 1977, a Zurik ta Suwizalan, Andreas Grüntzig ya hura balan-balan a cikin jijiyar zuciyar mutum yana farke. Balan-balan ɗinsa na farko a kan teburin kicin ɗin gidansa ya haɗa su.

Nan sai wata matsala ta ɓullo. Jijiyar da aka buɗe da ƙarfi takan ɗauki abin a matsayin rauni, ta yi tabo daga ciki, kuma a kusan mutum ɗaya cikin uku takan sake tsukewa cikin watanni shida. Daga 1986 aka fara dasa 'yar ragar ƙarfe don ta tokare bangon, daga baya aka riƙa shafa wa ragar magani. Sai wasu masana biyu a Jamus, Ulrich Speck da Bruno Scheller, suka yi tambaya: me zai hana a shafa maganin a jikin balan-balan ɗin kansa, a hura shi na ɗan lokaci, ya manna maganin a bango, a zare shi, ba a bar komai a ciki ba? Maganin da suka zaɓa shi ne faklitaksel, maganin kansa da aka fara samowa daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka, wanda ke hana ƙwayoyin halitta hayayyafa. Sun buga sakamakon gwajinsu a 2006. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan balan-balan don jijiyoyin ƙafa a 2014. A 2018 wani nazari ya tayar da ƙura cewa wataƙila yana ƙara yawan mace-mace bayan shekaru. Aka yi ta bin diddigi, har a 2023 hukumar ta ce bayanan da aka tara ba su nuna haka ba. A 2024 ta amince da na jijiyoyin zuciya.

Manomi ya san hikimar nan. Wanda ya watsa taki ko'ina a gona, ya ciyar da ciyawa, ya kuma yi asarar buhu. Wanda ya tona gindin kowace shuka ya zuba ɗan kaɗan, ya ci riba biyu. Haka yake ga magungunan narkar da gudan jini, irin su altefiles. In aka zuba su cikin jini gaba ɗaya, suna narkar da gudan da ake nema, amma suna iya narkar da wanda ke toshe wani rauni a ciki ko a ƙwaƙwalwa, jini ya ɓalle. Don haka ake zura bututu mai ƙananan huji a gefensa har tsakiyar gudan, a riƙa ɗiga maganin kaɗan-kaɗan na tsawon yini ɗaya ko biyu. Wasu bututun suna da balan-balan da ke tare hanya, don maganin ya tsaya inda ake so. Sai dai wannan hanya tana da sharuɗɗa. Tana cin lokaci, don haka ba ta dace da ƙafar da ta riga ta daina motsi ba. Tana da haɗari ga wanda aka yi wa tiyata kwanan nan ko wadda ba ta daɗe da haihuwa ba. Kuma tana buƙatar ɗaki na musamman mai na'urar hoton jijiyoyi, irin wanda a Najeriya ƙalilan ne, mafi yawansu a Legas da Abuja.

Ƙwaƙwalwa kuwa ta fi ƙafa gaggawa. Wani lissafi da aka buga a 2006 ya ƙiyasta cewa a babbar shanyewar ɓarin jiki, mutum na asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 a kowane minti. Ana ba da maganin narkarwa ne cikin awa huɗu da rabi na farko. Tun 2015, bayan gwaje-gwaje biyar da aka fara da na ƙasar Holan, janyo gudan daga jijiyar ƙwaƙwalwa ya zama ingantaccen magani, kuma a nan ma akan hura balan-balan a jijiyar wuya don tsayar da gudun jini lokacin janyowa, kada gutsattsari su tsere gaba. Amma akwai gargaɗi na musamman gare mu. Babban binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a Najeriya da Gana, wanda Kano da Zariya suna ciki, ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na shanyewar ɓarin jiki a wurinmu fashewar jijiya ce ba toshewa ba, kuma hawan jini ne uban tafiya. Ba a iya bambance biyun da ido, sai da hoton ƙwaƙwalwa. Wanda jijiyarsa ta fashe, in aka ba shi maganin tsinka jini, ko da asfirin ne, an ƙara masa wuta.

Mu da ake kira a waya

Yana da sauƙi mutum ya karanta wannan tarihi ya kammala da cewa matsalarmu rashin na'urori ce. Akwai gaskiya a ciki. Amma in aka sauke ɗakin hoton jijiyoyi mafi tsada a duniya a tsakiyar Dutsin-Ma gobe, ba zai amfani wanda ya iso a rana ta uku ba. Awoyin suna zurarewa ne a wurare huɗu: a ɗaki, inda ba a gane abin da ake gani ba, a hanya, wadda dare ke rufewa, a aljihu, inda sai an sayar da dabba, da kuma tsakanin asibiti da asibiti, inda takarda ke tafiya a hannun majiyyaci ba tare da wani ya buga waya gaba ba.

Biyu daga cikin huɗun nan aikin hukuma ne, kuma ya kamata mu riƙa tambayarta. Tsaron hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi zuwa Katsina da dare magana ce ta lafiya kamar yadda take magana ta tsaro. Manyan asibitocin ƙananan hukumomi suna buƙatar abubuwa marasa tsada: 'yar na'urar sauraren bugun jini ta hannu, hefarin a cikin firji, da lambar wayar likitan tiyata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wanda aka ɗaga darajarsa daga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a 2022. Allurar hefarin da likitan farko zai yi kafin a ɗora majiyyaci a mota tana hana gudan ƙara tsawo, tana kuma sayen lokaci. Bututun Fogarty ya kamata ya kasance a kabad ɗin duk ɗakin tiyatar da ke karɓar masu raunin harsashi, tare da likitan da hannunsa ya saba da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran biyun kuwa sun fi kusa da mu. Mafi yawan masu karanta wannan wasiƙa su ne waɗanda ake kira daga gida idan abu ya faru: malamin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, malamar Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ma'aikacin banki a Kano, lauya a Abuja. Ba likitoci ba ne mu, amma maganarmu tana da nauyi a gida, kuma sau da yawa mu ne za mu turo kuɗin mota. In waya ta zo cewa ƙafar wani ko hannunsa ya kama ciwo farat ɗaya, akwai tambayoyi uku da suka fi "me aka ba shi?" amfani. Ƙarfe nawa abin ya fara? A taɓa ƙafafun biyu, ɗaya ta fi ɗaya sanyi? Yana iya motsa yatsunsa, yana jin taɓi? In amsar ta nuna sanyi da dindiris, to kada a gasa, domin zafi yana ƙara wa naman yunwa, yana kuma ƙona fatar da ba ta ji. Kada a ɗaga ƙafar sama, kada a yi ƙaho, kada a jira mai ɗori. A rufe ta da mayafi mara nauyi, a hana shi ci da sha saboda tiyata, a nufi asibitin da ke da likitan tiyata kai tsaye, a kuma faɗa wa na bakin ƙofa lokacin da ciwon ya fara. Addu'a ba ta hana tafiya. A yi ta a cikin mota.

In kuwa ƙafar ta kumbura ne, da ɗumi da nauyi, musamman ga mai ciki, mai jego ko wanda ya daɗe a kwance, wannan gudan yana cikin jijiyar da ke mayar da jini ne. Shi ma na asibiti ne a ranar, kuma kada a yi masa tausa, domin yana iya ɓallewa ya tafi huhu. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nufi inda ake hoton ƙwaƙwalwa, kada a ba da komai ta baki.

Mafi arha duka shi ne abin da ake yi kafin agogo ya fara. Mai jegon da ke haki, ko take kumbura, ko ba ta iya kwanciya miƙe, a kai ta a duba zuciyarta a makon, ba bayan arba'in ba. Yaron da maƙogwaronsa ke ciwo da zazzaɓi, a kai shi a duba, ya kuma shanye maganin da aka rubuta. Dattijon gida kuwa, in kun je gaisuwa, ku riƙe wuyan hannunsa na minti ɗaya, yatsu biyu a ƙarƙashin babban yatsa. Bugun lafiya yana tafiya daidai kamar dakan mace ɗaya. In kuka ji yana tsalle, yana ɓata, yana dawowa ba tsari, ku sa a yi masa gwajin zuciya. Akwai magungunan tsinka jini da ke rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga irinsa da kusan kashi biyu cikin uku, kuma tsohon cikinsu, warfarin, ya haura shekara 60 a hannun likitoci.

Fogarty ya haɗa na'urarsa da yatsan safar hannu da zare domin ya gaji da kallon ƙafafu suna tafiya a bokiti. Abin da ya ƙera ya iso ƙasarmu tuntuni, yana kwance a cikin ledarsa a ɗakunan tiyata na birane. Ragowar aikin, wato isar da mutum gare shi kafin awa shida ta cika, yana farawa ne daga wanda ya ɗaga waya ya tambaya: ƙarfe nawa abin ya fara?